Ɗalibina mai galahanga ba ya shiga cikin yara

Tambaya: Anti salamu alaikum, ni malama ce a firamare aji biyu, akwai yaro mai galahanga a ajina, ba ya magana da kowa kullum yana lungu, amma da yara sun fara waƙa sai ya riƙa kaɗa kai, dan Allah ya zan yi ya shigo cikinsu? Abin na damuna wallahi.

Amsa: Wa'alaikissalam Malama, ai kin samu ƙofa. Yara masu galahanga sun fi natsuwa da abin da suka san me zai biyo baya, ita kuwa waƙa maimaici ce, to ki zaɓi guda ɗaya gajera kullum lokaci ɗaya, yara su yi da'ira kamar ta gaɗa, su yi tafi a hankali, banda lasifika da ihu don da yawansu ƙara na musu zafi a kunne sosai, in ya toshe kunne ki rage. Ki ba shi ƙaramar ganga ko gwangwani ya buga su amsa, kar a ja hannunsa dole, ko daga gefe ya tsaya ya isa. Waƙa ba magani ba ce fa, ki tambayi mamansa wacce yake so a gida ki fara da ita.