Za a iya yi wa Mama allurar jijiya a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙafar mahaifiyarmu ta kumbura, ta ɗau zafi. An ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata, aka rubuta mata allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya sau ɗaya kullum. Zirga-zirga zuwa asibitin Shika tana galabaitar da ita. Mai kemis ɗin unguwarmu zai iya yi mata a gida?
Daga wata 'yar'uwa a Tudun Jukun, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Ana yi a gida, amma nas mai lasisi ce za ta yi, da sanin likitan da ya rubuta. Ban da mai kemis. Allurar farko kuwa sai a asibiti, domin jikin wani yakan ƙi maganin nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Idan penicillin ta taɓa yi mata haka, ku faɗa tun kafin a fara.

Giram 1 ana narkar da shi ne a mililita 10 na ruwan allura, a tura a hankali kamar minti 5. Giram 2 a ƙarin ruwa ake sa shi, ya ɗauki minti 30, kuma kada a haɗa da nau'in ƙarin ruwan da ake kira Ringer, domin sinadarin kalsiyam da ke ciki yana sa maganin ya dunƙule. A haɗa lokacin da za a yi, kada a ajiye ragowa. A wanke kanula, wato 'yar robar da ake bari a jijiya, da ruwan gishirin asibiti kafin allura da bayanta, kada ta jiƙe wajen wanka. Wurin ya yi ciwo ko ya kumbura, a cire a canza hannu.

Ja ba ya fitowa sosai a fatarmu, don haka ki shafa ƙafar ki ji inda zafi da sheƙi suka tsaya, ki zagaye da biro. Gobe ki duba ko ya ƙetare layin. Ta ɗora ƙafar a kan filo, a kuma auna mata suga. Idan akwai mugunya a ciki, allura kaɗai ba za ta yi ba, sai an tsaga.

Bayan kwana 2 zuwa 3 likita ya sake ganinta, sau da yawa a nan ake komawa maganin sha. Amma idan fatar ta yi baƙi ko bororo, ciwo ya tsananta, zazzaɓi ya ƙaru, ko ta fara sambatu, ku kai ta sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.