Tambaya da Amsa: Da gaske ɗan Gombe ya buga ƙwallon Amurka?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni uwa ce, ina zaune a Bukuru. Ɗana na biyu yana aji shida na sakandare, Allah ya ba shi jiki, ƙato ne wallahi, takalminsa ma sai mun zaga 'yan gwanjo a Taminus kafin a samu sayis ɗinsa. Tun bara ya sa wata ƙwallo a ransa, wannan da ake sa hular kwano ana ta bangazar juna, kullum yana kan waya yana kallo, data ba ta kwana a gidan nan. Yanzu ya ce shi JAMB ba ta dame shi ba, Amurka zai tafi, wai akwai ɗan Gombe da ya buga ta har ya yi suna. Da gaske ne ko wayo yake min? In gaskiya ne, ta ina ake bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Mama, Allah ya raya mana shi. Yaronki bai yi miki ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ki, ya ɓoye rabin da bai yi masa daɗi ba.

Sunan mutumin Samkon Gado. An haife shi a Kufai, ƙasar Tangale, ranar 13 ga Nuwamba 1982, lokacin ma ba a yi jihar Gombe ba, ana cikin Bauchi. Ke da kike Jos wataƙila kin san sunan babansa, Rabaran Jeremiah Gado, wanda ya taɓa shugabantar cocin ECWA mai hedikwata a garin nan. Karatu ne ya kai uban Amurka, iyali suka bi shi, Samkon yana da kamar shekara 9. Kin ga tun daga nan lissafin ɗanki ya fara karkacewa, don shi Samkon ba daga Kufai ya ɗauki jaka ya tafi neman kulob ba, a can ya girma, a can ya yi sakandare a wata makaranta Ben Lippen da ke Columbia a jihar Karolina ta Kudu, kuma a nan ya koyi wasan.

Bari in ɗan yi miki bayanin wasan don ki gane lambobin da zan kawo. Mutum 11 ne kowane gefe. Ana ba tim dama huɗu ta ciyar da ƙwallo gaba yadi 10, yadi dai irin wanda tela yake aunawa, in sun yi a sake ba su wasu huɗun, in suka kai ta ƙarshen fili sun ci maki 6, shi ne tocdawun. Aikin Gado shi ne a danƙa masa ƙwallo a ciki ya rungume ya kutsa tsakiyar ƙarti, su kuma su taru su kayar da shi. Duk wasan babu wanda ya kai mai wannan aikin shan duka.

To abin da yaronki bai faɗa miki ba shi ne, a Amurka ba a zuwa babbar gasar, wato NFL, daga unguwa ko daga akademi irin yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Jami'a ce hanyar. Kulob 32 ne, duk shekara wajen Afrilu suna zama su zaɓi yara daga jami'o'i, zagaye 7, kuma doka ce sai yaro ya yi shekara 3 da gama sakandare kafin ya shiga zaɓen. Jami'ar kuma ba ta ba ka sikolashif don girman ƙirjinka kaɗai, sai an duba sakamako, in daga nan ka fito WAEC ko NECO ɗinka za su nema, kuma in ka shiga ka fara faɗuwa jarrabawa benci za ka koma. Don haka mai cewa karatu bai dame shi ba amma ƙwallon Amurka yake so, bai san ƙwallon da yake so ba.

Gado jami'ar Liberty ya je, a Lynchburg ta jihar Bajiniya. A lokacin ba ta cikin manyan makarantun da ake nunawa a talabijin duk Asabar, tana rukuni na biyu ne, kuma ko a can ɗin ma ba shi ne tauraro ba, yawancin shekarunsa a benci ya yi su yana jiran na gabansa su gaji, wasannin da aka fara da shi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kwasa-kwasan share fagen likitanci yake ɗauka, don shi tun farko likita yake so ya zama ya dawo gida ya yi aiki. Da aka yi zaɓen 2005 babu kulob ɗin da ya kira sunansa. Kocinsa Ken Karcher ne ya yi masa hanya Kansas City Chiefs suka ɗauke shi gwaji, ba a jima ba suka sallame shi.

Sai Allah ya kawo rabonsa ta ciwon wasu. A wannan kakar Green Bay Packers suka shiga uku, babban mai gudunsu Ahman Green ya ji ciwo ya fita har ƙarshen kaka, na biyunsa Najeh Davenport ya karye a idon sawu, na uku Tony Fisher shi ma ya samu rauni. A watan Oktoba suka ɗauko Gado suka sa cikin 'yan atisaye, waɗanda aikinsu kawai su taya manya tirenin ba sa buga wasa, kafin wata ya zagayo sai ga shi a fili bayan Brett Favre, ɗaya daga cikin manyan masu jifa da aka taɓa yi a wasan.

Ranar 13 ga Nuwamba 2005, ranar da ya cika shekara 23 cif, aka fara wasa da shi a gidan Atlanta Falcons. Packers a lokacin wasa ɗaya tal suka ci a kakar, kowa ya ɗauka za su je a lallasa su ne a dawo. Yaron da ko a jami'arsa benci yake ɗumamawa ya yi gudun yadi 103, ya ci tocdawun 3, biyu da gudu ɗaya da cafe jifan Favre, aka tashi 33 da 25. Kafin gari ya waye 'yan jarida suna ta koyon yadda ake faɗin sunansa. Wata guda bayan haka, 11 ga Disamba, cikin sanyin Green Bay mai daskarar da ruwa, ya yi wa Detroit Lions yadi 171, wanda babu ɗan wasan Packers mai shekarar farko a NFL da ya taɓa yin haka a wasa ɗaya kafin shi.

Sati na gaba a Baltimore jijiyar gwiwarsa ta yage. Kaka ta ƙare masa da yadi 582.

Daga nan fa Mama sai yawo. Aka canza koci a Green Bay, sabon ya zo da salon da bai dace da shi ba, a Satumbar 2006 aka yi musanyarsa da wani ɗan wasa ya koma Houston Texans, 2007 Miami Dolphins, sai St. Louis Rams, a 2010 ya gwada da Tennessee Titans. Bai ƙara samun wata irin wancan Nuwamban ba. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne, yawancin 'yan NFL shekara uku ne da 'yan kai ake yi da su, kwantiraginsu ma akasari ba lamuni, ranar da aka ga ka rage gudu a kira ka ofis ka miƙa littafin dabarun tim ka kwashe kayanka. Bidiyoyin da ɗanki yake ƙona data a kansu ba sa nuna wannan ofishin.

Abin da ya fi burge ni da shi ba yadi 171 ɗin ba ne. Bayan kakar da ya yi suna, lokacin hutu da sauran suke yawon shaƙatawa, shi wani asibiti ya je a Green Bay yana aikin sa kai, yana taya ma'aikatan jinya hidimar marasa lafiya. Da ƙwallo ta sake shi sai ya koma aji, ya shiga makarantar likitanci ta jihar Karolina ta Kudu da ke Charleston, ya gama a 2015, ya wuce jami'ar Saint Louis ya ƙware a tiyatar kunne da hanci da maƙogwaro. Dakta Gado ake ce masa yanzu. Ki tambayi yaronki ko ya san wannan.

Maganar hanya daga nan gida kuwa, akwai ta amma siririya ce. Tun 2017 NFL take da shirin ɗaukar 'yan ƙasashen waje, kuma Osi Umenyiora, ɗan Najeriya da ya ci kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, sau 2 da New York Giants, yana shirya sansanin tantance matasa, an yi na NFL a Ghana a 2022, an yi a Legas a 2024. Ta hannunsa Roy Mbaeteka, wanda ƙwallon kwando yake bugawa a da, ya samu sa hannu da Giants a 2022. Amma mutum nawa ne a cikin dubbai? Shawarata ki bar shi ya yi ta motsa jiki, ya shiga ƙwallon kwando ko guje-guje a makaranta tunda irin su ake dubawa, amma da sharaɗi, fom ɗin JAMB a cike, WAEC a zauna a rubuta da kyau. Sannan duk wanda ya ɓullo a WhatsApp ya ce shi ejan ne a turo kuɗin biza da na rajista zai kai yaro Amurka, kar ki ba shi ko sisi, ki bulok ɗinsa.

TAMBAYA: Malam musu muke a gidan kallon ƙwallo a Farin Gada. Na ce Christian Okoye ya fi kowane ɗan Najeriya mai gudu da ƙwallo a NFL, abokina ya ce wannan Gadon ne. Mun sa lemo.

AMSA: Ɗan'uwa ai wannan ba musu ba ne. Okoye ɗan Inugu ne, jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya, da Najeriya ta ƙi tafiya da shi Olamfik na 1984 sai haushi ya sa ya koma wannan wasan yana da shekara 23, bai taɓa buga shi ba. Chiefs suka zaɓe shi a zagaye na 2 a 1987, a 1989 ya fi kowa gudu a duk NFL da yadi 1,480, wato kakarsa guda ta ninka mafi kyawun kakar Gado fiye da sau biyu. Shi ma dai ciwon gwiwa ne ya tsayar da shi bayan kakar 1992, a 2000 Chiefs suka sa shi cikin jerin gwarazansu. Abokinka kishin Arewa ne ya ɗebe shi, ka ce ya sayo lemon, mai sanyi.