Zangarniyar da iska ta ƙona

Tambaya: Malam, ina nazarin tsohon Girkanci, sai na ci karo da kalmar anemofthoros. Me take nufi, kuma yaya zan faɗe ta da Hausa?

Amsa: Kalma ce harɗaɗɗiya, ɗana. Anemos iska ce, sashe na biyu kuwa daga aikatau ftheiro yake, wato lalata. Inda aka fi saninta shi ne fassarar Attaura da Yahudawan Iskandariya suka yi daga Ibrananci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. A Farawa 41:6, wato littafin farko na Attaura, cikin mafarkin sarkin Masar da Annabi Yusuf ya fassara, ita ce sifar zangarkun nan bakwai marasa ƙwari. Ibrananci ya ce iskar gabas ce ta ƙone su. Masu fassara suka jefar da gabas, suka riƙe iska kawai. Alƙur'ani a Suratu Yusuf ya kira su yabisat, busassu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin da murya ke hawa. Ana cewa anemÓfthoros, kuma a irin waɗannan kalmomi, idan hawan muryar ya koma baya haka, ma'anar takan zama wanda aka yi wa abu. Dubi lithobÓlos, mai jifa da dutse, da lithÓbolos, wanda aka jefa. Harufa ɗaya, amma ɗaya na jifa, ɗaya na shan jifa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda da murya yake raba kukan yaro da kukar miya. Saboda haka kalmar ba ta nufin iska mai ɓarna, abin da iskar ta ɓata take nufi.

Namiji da tamace sigarsu ɗaya, jam'in namiji anemofthoroi, shi ne ma ya zo a ayar Farawa. Sunan annobar kanta anemofthoria, yana Maimaitawar Shari'a 28:22, littafi na biyar na Attaura.

Batun Hausa, kada ka ce iska ta kayar. Wannan aikin guguwa ne ga dawa. Nan busasshiyar iska mai zafi ce da ke shanye ƙwaya tun tana nono. Ni dai "wadda iska ta ƙona" nake cewa. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta "'yan iskan zangarku", har yau abokansa ba su bar masa tsiya ba.