Amsa: Ma'anar addini a waƙoƙin rock

Malam, kana tambaya ko waƙoƙin rock da kake ji suna tuna maka da Ubangiji da gaske suna ɗauke da wannan ma'ana, ko zuciyarka ce kawai take raya maka. A waƙoƙi da dama ma'anar tana nan, kuma da gangan aka sa ta. Waƙar ƙungiyar mawaƙan rock ta U2 mai suna "40", wadda ta rufe faifansu War na 1983, daga Zabura ta 40 aka ɗebo yawancin baitocinta, nan ma ta samo sunanta. Batun halaccin kiɗan kansa kuwa na malamai ne, ba shi ka tambaya ba.

Sharaɗina ɗaya ne: ka karanta baitocin gaba ɗaya har da amshi, ka kuma san aƙidar mai waƙar kafin ka riƙe ta. Dubi "My Sweet Lord" ta George Harrison, tsohon ɗan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, da ta fito a 1970. Da farko mutum ne ke begen Ubangijinsa, 'yan amshi suna cewa "Halleluya", Musulmi da Kirista kowa sai ya ji kamar da shi ake. Can tsakiya amshin ya koma "Hare Krishna", wato kiran Krishna, abin bautar mabiya addinin Hindu, ba tare da kiɗan ya sauya ba, domin Harrison ya karkata ga addinin Hindu a lokacin. Na sha jin masu rera ta suna bin amshin nan da baki, ba su san sunan wa suke kira ba.