Amsa: Wace laftof ce ta dace da aiki da kallo?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka riƙa buɗe Chrome da Word da Zoom a lokaci guda, da dare kuma ka kalli fim ko ƙwallo, shi ne kake tambayar wacce za ka saya.

Ka fara duba RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ka buɗe a cikinta. Kada araha ta ja ka zuwa mai 4GB. Mai 8GB tana ɗan jurewa, amma da ka tara shafuka a Chrome kana kan Zoom, za ka ji fanka ta fara kuka, linzami yana maƙalewa. In aljihu ya yarda, ɗauki 16GB. Ka tambayi mai shago ko ana iya ƙara mata nan gaba, don siraran nan da yawa, har da MacBook, a liƙe RAM ɗinsu yake.

Ma'ajiya kuwa nemi irin mai saurin nan da ake kira SSD, mai 512GB. Tsohon faifan HDD shi ke sa ka kunna kwamfuta ka tsaya jira. Wajen furosesa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfuta, Core i5 ta kamfanin Intel ko Ryzen 5 ta kamfanin AMD ta ishe ka, amma duba zamaninta: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida, in furosesar Intel ce, sai zamani na 8 zuwa sama take karɓa.

Don kallo, nemi allon IPS (irin wanda launinsa ba ya dusashewa sosai ta gefe) mai tsabtar hoto 1920x1080, ka leƙa shi ta gefe, in launi ya dusashe ka bar ta. Laftof masu zafi na buga gem ban ba ka shawarar sayensu ba, batir suke sha, ga halin wutarmu.