Taraktar Baba ta shekara 8 a ajiye, injin ya cije: mu ja ta da tifa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana tarakta Massey Ferguson 135 da wata tsohuwar Landiroba a bayan gida. Taraktar ta kai shekara 8 ba a tayar da ita ba. Mun sa sabon batir amma kik ɗin sai dai ya yi ƙas ya tsaya. Bakaniken garinmu ya ce injin ne ya cije, wai a samo tifa a ɗaura sarƙa a sa ta a giya a ja, da kansa zai saki. Yayyena kuma sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Wallahi hankalina a tashe yake, ba na so ta tafi a kilo, kuma ina tsoron a ƙarasa ta. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna makoma. Kwantar da hankalinka, 135 ba ta mutuwa da sauƙi haka. Tun 1964 aka fara ƙera ta, injin Perkins ne a ciki mai fistin uku, AD3.152, kuma irinsa ne a MF 240 da ake haɗawa a Pakistan, shi ya sa fistin da rin da silib (bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa) da gasket ɗinsa ba sa wahalar samu, ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna. Matsalar kawai jabu, ka tafi da wanda ya san kaya.

Amma maganar tifar nan, don girman Allah kar ku yi. Kusan kullum sai an kawo mana injin da aka kashe ta wannan hanyar, kuma abin haushin mai shi zai ce maka ai dama ya mutu. Ƙarya ne, da ransa kuka same shi. Tarakta da ta yi damina takwas a waje, salansarta na kallon sama ba ko gwangwanin madara a kife a bakinta, ina kake zaton ruwan saman nan ya tafi? Ya bi salansa ya shiga ta bawul ɗin da yake buɗe ya kwanta a kan fistin, rin ya yi tsatsa ya manne da silib. Shi ke nan cijewar. To ruwa ba ya matsuwa, tsatsa kuma ba ta jin fizga. In tifa ta ja, duk ƙarfin nan ta taya zai bi ya shiga giya ya isa karanshaf, dole wani abu ya ba da kai, kuma ba tsatsar ce za ta bayar ba. Konrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, zai lanƙwashe, rin ya kakkarye ya karce silib, in an yi rashin sa'a bulok ɗin ma ya tsage. Aikin da kwalbar mai da haƙuri za su gama ya koma sauke inji gaba ɗaya, bakaniken kuma ya karɓi kuɗin shayinsa ya yi gaba.

Wannan ma asarar dukiya ce, akwai ta rai. Kulocin motar da ta daɗe a ajiye sau da yawa ya manne da fulawil, babban faifan ƙarfen nan na bayan inji, ka taka har ƙasa ba zai raba ba. Birki kuwa ba ka san halin da yake ciki ba. A ce an ci sa'a injin ya saki ya tashi ana cikin ja, yaron da aka ɗora kan sitiyari da me zai tsaya? Tifa na gabansa, kuloci ya ƙi, birki babu, yara sun yi dafifi suna kallo. Sarƙa kuma in ta tsinke ba ta neman izinin kowa kafin ta dawo. Sannan in taku mai Multi-Power ce ma, wato mai ƙarin giyar da ake canjawa ba sai an taka kuloci ba, ja ba ya tayar da ita sam, tayar za ta yi ta juyawa injin ko motsi, sai dai ku ƙona gas ɗin tifa a banza. Ni abin da ke ba ni takaici, duk wanda ya riƙe sufana shekara biyu ya zama oga, ka ce masa a bi a hankali ya ce kai boko ke damunka, ai haka ogansa ke yi. To ogan nasa injina nawa ya binne? Ba wanda ke ƙirgawa, tunda dukiyar marayu ce ba tasa ba. Haka masu tsayawa a ƙasa gaban tayar baya su haɗa kik da sukudireba. Kamfani ya sa makunnin da ke hana ta tashi sai ƙaramar giyar nan ta hayi da lo tana fili, su kuma su tsallake shi, ranar da aka manta ta a giya ta bi ta kan mutum sai a ce tsautsayi.

Ga yadda za ka yi. Fara kwance kik ɗin ka ajiye gefe, wani lokacin haƙorinsa ne ya maƙale a fulawil injin lafiya lau. Ka sassauta notin zubar da baƙin mai kaɗan, in akwai ruwa shi zai fara ɗigowa tunda ya fi mai nauyi, ka yi haka a gidan giya ma, don man giya da na haidurolik a wuri ɗaya suke a 135. Buɗe murfin sama ka danna kowane bawul ka ga yana sauka yana dawowa. Sai ka cire nozul ukun, ka zuƙe ruwan ciki da sirinji da siririn tiyo, ka zuba man giyar otomatik, ATF ɗin nan ja, gauraye da kananzir. Ka bar shi sati ɗaya ko biyu kana ƙarawa. Bayan nan ka tokare sauran tayoyin, ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak, ka sa babbar giya, ka riƙa girgiza tayar gaba da baya da hannu. In ya motsa ko kaɗan ne to ka ci nasara, ci gaba har ya zagaya, nozul na cire har sai man ya gama fita. In sati uku ya wuce shiru, a ɗaga kan silinda a gani da ido, gasket ɗaya ne asararka. Ranar tayarwa kuma sabon mai, sabbin filta, a wanke tanki, a cire iska a famfon gas, giya a fili, kai kana zaune a kujera, wani na riƙe da katako kusa da bakin shan iska ko da injin zai haukace ya ƙi mutuwa. Fetur a bakin iska, kul.

Landiroba kuwa ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Zamanin da ba kwalta daga gari zuwa ƙauye ita ce motar hakimi da malamin gona da 'yan allurar rigakafi, ƙofa na kaɗawa, ƙura na shigowa ta ko'ina, amma ka danna jan sandan nan baya ta shiga lo, laka sai dai ta yi haƙuri. Tun fitowarta a 1948 don manoma aka yi ta, na farkon har injin gona ana iya juyawa da su ta baya. Kar kyan bodinta ya ruɗe ka, alminiyon ne ba ya tsatsa, shasi ne ƙarfe. Shiga ƙasa da guduma ka ƙwanƙwasa, musamman can baya da inda sifirin ke kamawa. In ya amsa da ƙarfi a gyara, a fara da robobin birki. In guduma na shigewa to ita ku sayar wa mai neman kayanta, ku zuba kuɗin a taraktar, ka ga yayyenka ma sun samu abin da za su yi shiru.