Dashbod ba zai nuna abin da ba a rubuta ba

Alhaji, ka ce kana da shagunan kayan masarufi biyu, ɗaya a Kasuwar Sheikh Gumi ɗaya a Kawo, duk a Kaduna. Ɗan wanka da ya gama karatun kwamfuta yana neman naira 300,000 ya haɗa maka dashbod, allon da za ka riƙa duba ciniki a waya, irin wanda ya yi wa wani kantin magani. Kana tambaya ko kuɗin ya yi yawa.

Kuɗin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce bashin da ke hannun kwastomomi a ka kake riƙe shi. Haba Alhaji! Allon nan daga rubutu yake ɗaukar lissafi. Yaron shagon Kawo ya ba da katan biyar na taliya bashi bai rubuta ba, allon zai nuna maka suna nan a sito, kai kuma ka yarda saboda a waya ka gani.

Kuma na kantin magani ba naka ba ne. Mai magani idonsa na kan ranar lalacewar kaya. Kai abin da ke cinka daban: wa ke riƙe da kuɗinka, kwana nawa ke nan, wane kaya ne ya kwanta, nawa farashin sari ya hau tun ɗaukarka ta ƙarshe.

Na san wani mai gidan kaji a hanyar Kachia da aka kwafo wa allon babban kanti. Kullum layin cinikin ƙwai sama yake yi, yana murna har yana maganar buɗe gona ta biyu. Babu gurbin kuɗin abinci, babu na kajin da suka mutu. Sai da mai ba shi abincin kaji ya tsayar da bashi ya gane uwar kuɗi yake ci.

Ka sayi littafi biyu, kowane shago ɗaya. Shiga, fita, bashi da sunan mai shi, kullum kafin a rufe. Ka yi wata uku a haka ba fashi. Daga nan ɗan wan naka ya zuba su a Google Sheets, manhajar jera lissafi ta Google, kyauta ce, ya fito maka da lambobi huɗun nan kawai. Ka biya shi ladansa bayan ka gwada allon da ƙirgen sito da hannunka, kuma kada ya zama shi kaɗai ke da lambar sirrin shiga.